Tsuntsun Ado Mai Fenti: Daga Ina Zanen Jikinsa Ya Fito, Kuma Na Wane Ne?

A Zariya, a shagunan kayan ɗaki na Sabon Gari da Tudun Wada, da wajen masu baza kaya a bakin titin Samaru, ba a rasa tsuntsun ado: ɗawisu mai baza jela, zakara, aku, tattabaru biyu baki da baki. Wani na tangaran ne, wani na katako, wani na roba mai tauri, duka an yi musu fenti. Amare na jera su a kabet ko gefen talabijin, ma'aikata na ajiyewa a kan tebur, wasu kuma tsaraba suke yi da su. Gardama kan tashi ne idan aka zo batun asali. Mai shago ya ce, "Hajiya, aikin gargajiya ne," don ga dagi nan a ƙirjin tsuntsun. Maƙwabcinsa ya ce ɗan China ne. Ɗalibin zane daga jami'a ya duba ya ce jelar salon Turai ce, furannin kuma na Indiya. Sau da yawa su ukun duk gaskiya suka faɗa, kowa da sashen da ya kalla.

Maganar ta ƙara nauyi tun da aka sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya a watan Maris na 2023, wadda ta ci gaba da ba fasahar gargajiya kariya. Idan doka ta ce zanen gargajiya yana da masu shi, dole a san wane zane ne na gargajiya a jikin abin da ya ɗebo daga wurare huɗu ko biyar.

Siffa daban, launi daban, zane daban

Abubuwa uku ake cakuɗawa idan ana wannan magana. Akwai siffa, wato ƙirar jikin tsuntsun da tsayuwarsa: ya miƙe wuya ne ko ya sunkuya, ƙafafunsa a rabe suke ko an haɗe su da gindin da yake tsaye a kai. Akwai launi. Sai kuma zane, wato abin da aka ɗora a kan launin, ko ɗigo-ɗigo, ko fure, ko layukan da suka sarƙe. Abin da ake kira salo shi ne yadda mutanen wani wuri ko wani zamani suka saba haɗa waɗannan ukun, har ido ya riƙa gane aikinsu daga nesa.

Masu yi wa tsuntsu fenti kuma hanya biyu suke bi. Wasu na bin halitta: zabuwa ta fito da zanenta fari-fari a kan toka, gauraka da tukkunsa ruwan zinariya, ta yadda maharbi ma zai gane su. Wasu ba ruwansu da gashin tsuntsu na gaskiya, jikin fili ne kawai da za su cika da ado. Batun tasirin salo ya fi shafar kashi na biyu, domin a nan ne mai fenti ke da zaɓi, kuma a zaɓinsa ake gane abin da idonsa ya saba gani.

Tasiri kuwa ba ɗaya yake da kwafi ba. Tasiri shi ne mai sana'a ya ga abu, ya shiga hannunsa, ya fito da shi daidai da kayan aikinsa da bukatar masu sayensa. Kwafi shi ne a ɗauko zanen yadda yake a manna. Rabin gardamar kasuwa daga rashin bambanta waɗannan biyun take.

Burtu, da dalilin da ya sa adonmu bai cika rai ba

Tsuntsun da aka ƙera da hannu ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Maharba sun daɗe suna yin burtu: kan tsuntsu da dogon wuya da aka sassaƙa aka lulluɓe da fata, wani lokaci da bakin burtu na gaske, a yi masa ado da jajayen 'ya'yan idon zakara. Maharbi ya ɗaura a goshi, ya yafa baƙin zane, ya riƙa tafiya a duƙe yana gyaɗa kai har ya kusanci dabba. Yau kawunan burtu suna gidajen tarihi a Turai da Amurka ana kallonsu a matsayin fasaha. Amma kayan aiki ne, kuma abin da aka nema a jikinsa kama ce, ba ado ba.

A ɓangaren ado kuwa, Bahaushe ya fi karkata ga zanen da babu rai a cikinsa, kuma dalilin sananne ne. Hadisai sun zo da tsoratarwa ga masu yin sura, kuma an ruwaito cewa Ibnu Abbas ya shawarci wani mai wannan sana'a da ya riƙa yin itatuwa da abin da ba shi da rai. A mazhabar Malikiyya, wadda aka fi bi a nan, abin da ya shahara shi ne haramcin surar mai rai idan tana da jiki mai inuwa kuma gaɓoɓinta sun cika. Zanen da ke shimfiɗe a bango ko takarda hukuncinsa bai kai nan ba, haka surar da aka rage mata gaɓar da ba a rayuwa sai da ita. An kuma keɓe 'yar tsanar 'yan mata, saboda ruwayar wasan Nana A'isha. Wasu malamai sun fi haka tsanantawa, suna haɗawa har da zanen shimfiɗe.

Wannan ya bar alama biyu. Ta farko, gwanintar masu ado ta tafi ga layi da kusurwa da sarƙa, har suka kai inda ba kowa ya kai ba. Ta biyu, tsuntsun da ake ajiyewa a kan tebur don kallo kawai, siffarsa kusan duk daga waje ta zo. Saboda haka idan aka ga tsuntsun ado mai dagi, mafi yawan lokaci jikin baƙo ne, zanen ne na gida.

Taskar da mai fentin Zazzau ke ɗiba

Kaɗan ne garuruwan da suka kai Zariya arzikin zanen bango. Masallacin Juma'a na cikin birni, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834 zuwa 1846), ya nuna yadda magina ke fitar da ado daga jikin ginin kansa, a ginshiƙai da bakan gizo. A ƙarni na 20 ado ya fito waje, ya hau fuskar zaurukan attajirai da 'yan kasuwa. Da farko da laka ake tayar da shi a shafe da makuba, daga baya aka koma karce shi a jikin ɗanyen siminti, sannan fentin kanti ya shigo da kore da shuɗi da rawaya irin waɗanda ake gani yau a ƙofar fadar Zazzau. Bajamushe Friedrich Schwerdtfeger ya shafe shekaru yana nazarin waɗannan gidaje na Zariya. Abin lura kuma shi ne magina ba su tsaya kan dagi da takobi ba: da keke da agogo da mota da jirgin sama suka shigo gari, su ma sun hau bango. Wato abin da ake kira gargajiya yau, shi ma ya yi ta karɓar sabo.

Sai ɗinkin babbar riga, inda aska biyu da aska takwas da tambari suke, da ɗinkin hula, da aikin dukawa a kan jar fata da aka rina da karan dafi, da sassaƙar ƙwarya, da zayyanar allo da ta Alƙur'ani rubutun hannu mai ja da rawaya da baƙi. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya tattara irin waɗannan ayyuka ya baje kolinsu a Landan a 1976.

Duk da bambancinsu, suna da hali guda da ido zai iya kamawa a jikin tsuntsu. Ana raba fili gida-gida, kowane gida a kewaye shi da layi mai kauri, a cika shi da launi ɗaya tas, babu dusashewa daga duhu zuwa haske. Dama da hagu su yi daidai. Ba a cika barin fili fayau ba. Mai fentin da ya tashi da wannan ido, idan aka ba shi fiffike, zai yanka shi dala-dala irin na aska maimakon ya zana gashi ɗaya bayan ɗaya. Ƙirji kuwa, da yake shi ne wuri mafi faɗi, nan dagi ko da'irar tambari kan sauka. Idan aka ga haka, hannun nan ne ko na wanda ya yi nazarin aikin nan. Dagi shi kaɗai da aka manna a tsakiyar furanni bai isa shaida ba, tunda kowa na iya sauke hotonsa daga intanet.

Abin da ya shigo ta jeren amarya

Furanni masu ganye da inuwa, irin wardi ja a kan fari, ba daga bango ko riga suka fito ba. Ta ɗakin mata suka shigo. Bayan layin dogo ya ratsa Zariya ya kai Kano a 1911, kantunan Turawa suka kafu, har ɗaya daga cikinsu ya bar wa unguwar PZ sunansa. Langa da kwalla da fanteka masu fenti suka fara ture ƙwarya da tasa a jere. An yi ta kawo su daga Turai, daga baya daga Hong Kong, sannan 'yan kasuwar can suka kafa masana'antunsu a Najeriya. Yarinyar da ta girma tana goge samirar mahaifiyarta, wannan furen ne ado a wurinta, kuma ba za ta kira shi baƙo ba. Atamfa ma haka: asalinta rinin kakin mutanen Jawa ne a Indonesiya, 'yan Holan suka mayar da shi aikin inji, aka zo ana buga ta a masaƙun Kaduna, kuma tsuntsaye na cikin zanenta da aka fi sani.

Ɗawisu ya fi zuwa ta Indiya, ƙasar da ta ayyana shi tsuntsunta na ƙasa a 1963. Finafinan Indiya da aka shafe shekaru ana kallo a Arewa, da mayafai, da zanen lalle na zamani, sun saba wa ido da jela mai idanu jere, da ɗigon zinariya, da siffar nan mai kama da ɗan mangwaro mai lanƙwasasshen kai wadda asalinta Farisa da Kashmir ne.

Turai kuma ita ta kawo al'adar ajiye tsuntsun tangaran a falo. A masana'antar Meissen da aka kafa a Jamus a 1710, wani gwani mai suna Johann Joachim Kändler ya fara ƙera tsuntsaye tun 1731 domin fadar sarki Augustus a Dresden, yana bin kamanninsu na halitta. Aku a kan kututture, wanda har yau ake zubawa da roba, jikan wannan aiki ne. Daga wajejen 1890 zuwa 1910 salon Art Nouveau ya yi tashe, mai layuka masu lanƙwasa da son ɗawisu da dogon wuya. Bayansa Art Deco, wanda ya samo suna daga baje kolin Paris na 1925, ya miƙar da layukan, ya kawo baƙi da zinariya da jela mai siffar mafici. Akwai kuma na talakawan Turai, irin zakaran Barcelos na Fotugal, baƙi mai jan zanko da zanen zuciya da ɗige-ɗige.

Masana'antun China na yau ba su ƙirƙiri yawancin waɗannan ba, haɗa su suke yi. Mazubi guda zai fitar da dubban jiki iri ɗaya, sai a sauya fenti gwargwadon kasuwar da za a kai, a bi da su ta manyan kasuwannin sari irin na Yiwu. Shi ya sa ake samun jikin Jamus da jelar Indiya da furen kwalla a tsuntsu guda.

Samaru ta daɗe da wannan gardama

Tambayar na gida ko na waje an yi ta a Zariya tun kafin 'yancin kai. A 1958 wasu ɗaliban zane a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suka kafa ƙungiya, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Daga baya aka riƙa ce musu 'yan tawayen Zariya. Ba su yarda da koyarwar da ke kallon Turai kaɗai ba, ba su kuma ce a koma kwaikwayon kakanni ba. Matsayinsu shi ne a ɗauki dabarar zamani a haɗa da gadon gida har su zama abu guda. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo ya gina salonsa a kai.

Misali mafi kusa da batun tsuntsu shi ne Ladi Kwali, Bagwariyar da hotonta ke bayan naira ashirin. A 1954 ta shiga cibiyar tukwane da Baturen Ingila Michael Cardew ya buɗe a Abuja ta da, wato Suleja, garin da sarakunan Haɓen Zazzau suka kafa. Ta ɗauki tsuntsaye da ƙadangaru da kifaye da take karcewa a jikin tulun gargajiya, ta mayar da su kan tukwane masu ƙyalli da ake gasawa da wuta mai tsanani irin ta Turai. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Babu mai cewa aikinta na Ingila ne, alhali tanderun da ruwan ƙyallin dabarar Bature ce.

Ra'ayoyi, da inda doka ta tsaya

Masu kishin gado suna cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. A ganinsu, idan aka ci gaba da cakuɗa dagi da wardi da jelar Indiya, yara za su tashi ba su san wanne ne nasu ba, kuma zanen da ke da ma'ana a riga ko a zaure zai zama kwalliyar banza. Suna da hujja, domin gidajen laka masu zane suna rushewa, magina masu wannan ilimi suna ƙarewa.

Masu goyon bayan haɗawa suna kawo misalin babbar riga: shaddar daga waje take zuwa, zaren ma haka, amma ɗinkin na Zariya ne, kuma ba wanda ya taɓa cewa rigar ba ta Bahaushe ba ce. Tarihin da aka bi a sama yana tare da su. Rauninsu shi ne suna yawan mantawa da bambancin mai ɗinkin da ya zauna makonni a kan riga da injin da ya buga hoton ɗinkin.

Akwai kuma waɗanda duk wannan bai dame su ba, su matsalarsu surar ce. Wasu masu sana'a na bin bayansu ta hanyar yin tsuntsun a shimfiɗe, a jikin faifai ko ƙwarya ko allon bango, ko su narkar da siffar cikin zane har ta zama ishara kawai. Wannan ma wani tasiri ne a kan salo, kuma ya fi kowanne daɗewa a nan.

Doka ta sanya zane da sassaƙa da tukwane da aikin katako da na ƙarfe da saƙa na gargajiya cikin abin da take karewa, ta hana a kwafe su don kasuwanci ko a wajen muhallinsu na al'ada ba tare da izini ba, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ce ke riƙe da wannan izini. Amma ta bar ƙofa ga wanda ya ari abu daga gargajiya ya gina sabon aikinsa a kai, muddin bai wuce gona da iri ba. A takarda ke nan ɗalibin da ya yi wa fiffike zanen aska takwas yana cikin halas, mai buga dagi dubu-dubu da inji shi ne abin tuhuma. A aikace kuwa tabbatar da hakan yana da wuya. Sarƙa irin ta dagi ana samunta a wurare da yawa na duniya, kuma masana'antar da ta buga shi galibi tana wata ƙasa inda hannun hukumar bai kai ba.

Abin da ya shafi mai saye da mai sana'a

Wanda ya fi cutuwa shi ne mai aikin hannu. Tsuntsun da ya ɗauke shi kwanaki ba zai yi gasar farashi da na mazubi ba, kuma idan aka sayar da na mazubi da sunan gargajiya, an ƙwace masa abu guda da ya rage masa, wato sunan. Cakuɗa salo bai taɓa kashe sana'a a Zazzau ba. Ƙaryar asali ita ce ke iya kashe ta. Abin da ke hannun masu sana'a shi ne su riƙa sa suna ko alama da shekara a ƙarƙashin aikinsu, wanda kuma shi ne zai taimake su idan wani ya kwafa.

Mai saye na iya ganewa ba tare da ya je makaranta ba. A juya tsuntsun: na mazubi yana da siririn layi daga baki zuwa jela inda ɓari biyu suka haɗu, kuma sau da yawa cikinsa rami ne. A ɗauki biyu a jera: idan kowane ɗigo ya faɗi wuri ɗaya, inji ne ko sitika. Aikin buroshi yana barin kauri a inda hannu ya tsaya, fiffiken dama kuma ba ya zama daidai da na hagu ɗari bisa ɗari. Na mazubi ba laifi ba ne a saya, kuɗinsa dai za a biya, ba kuɗin aikin hannu ba.

Akwai batun lafiya da ya kamata iyaye su sani. Wasu fentocin mai, musamman ja da rawaya da ruwan lemo masu ƙyalli, ana haɗa su da sinadarin dalma, kuma waɗannan su ne launukan da tsuntsun ado ya fi ɗauka. Ma'aunin da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka ba da shawara shi ne kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan a fenti. Arewa ta san illar wannan guba tun 2010, lokacin da yara aƙalla 400 suka rasu a Zamfara, kodayake wancan daga dutsen zinariya ne. Ido ba ya gane fenti mai dalma, kuma tsuntsun da aka saya a bakin titi ba ya zuwa da takardar gwaji. Saboda haka a ɗora shi inda hannun yaro ba ya kaiwa, kada a mayar da shi abin wasa, wanda fentinsa ya fara ɓarewa kuma a fitar da shi daga ɗakin da yara ke rarrafe. Masu yin fentin su ma, ɗalibai ne ko masu shago, fentin ruwa ya fi musu aminci, kuma kankare tsohon fenti a busasshe cikin rufaffen ɗaki shi ne ya fi tayar da ƙurar da ake shaƙa.